Tambaya da Amsa: Masu Cewa Gwamnati Ta Sakar Mana Mara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa. Tun da aka cire tallafin mai muke gardama a ɗakin kwananmu. Ina da aboki da kullum yana kallon bidiyon shugaban Ajantina a waya, ya ce shi yanzu ɗan libateriya ne: gwamnati ba ta da abin yi a kasuwa, haraji ƙwace ne, a bar kowa da dukiyarsa da rayuwarsa. In yana magana sai in ji kamar yana da gaskiya. In na koma gida na ga halin da mutanenmu ke ciki, sai in ji kamar ba shi da ita. Malam, ina gaskiyar take?
Ɗalibi daga Gwadabawa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaida min abokin naka, ka ce masa ban raina hujjarsa ba. Na taɓa tsayawa kusa da inda yake tsaye, kuma har yau akwai ɓangaren maganarsa da ban saki ba.

Saboda sauran masu karatu, ga abin da ake nufi. Aƙidar libateriya, in za a faɗe ta da Hausar gida, ita ce aƙidar a sakar wa mutum mara. Masu ita na cewa mutum shi ke da kansa, shi ke da abin da ya samu da guminsa, kuma ba wanda ke da ikon tilasta masa komai muddin bai taɓa jikin wani ko dukiyar wani ba. Tushenta na komawa ga irin su John Locke na Ingila da Adam Smith na Sikotland, amma waɗanda suka ɗaga ta a ƙarni na 20 su ne Friedrich Hayek da Milton Friedman, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 1974 da 1976, sai Robert Nozick na Jami'ar Harvard. Su ma kansu ba bakinsu ɗaya ba. Nozick ya yarda da gwamnati, amma irin ta maigadi: ta tsare rai da dukiya, ta yi shari'a, ta tsaya nan. Murray Rothbard kuwa ya ce ko maigadin ma ba a bukata, kowa ya ɗauki nasa da kuɗinsa. A Amurka suna da jam'iyya tun 1971, ba ta taɓa kusantar fadar shugaban ƙasa ba. Mafi yawan abin da ta samu shi ne kashi uku da ɗoriya cikin 100 a zaɓen 2016. Javier Milei da abokinka ke kallo ya hau mulkin Ajantina a Disambar 2023.

Ni ba a littafi na fara ganin gaskiyar mutanen nan ba. A 1984 na gan ta, a shagon mahaifina a Tsohuwar Kasuwa, ina saurayi ina taya shi tsaron kanti. Lokacin sojoji sun karɓi mulki, kaya sun yi tsada, aka ce 'yan kasuwa ne ke ɓoyewa. Wata safiya suka shigo layinmu da dorina, aka sa Baba ya fito da katan-katan na madara da sukari da sabulu, aka jera mutane, aka ce ya sayar a farashin gwamnati. Farashin nan bai kai abin da shi ya biya a Kano ba. Ina tuna yadda yake miƙa gwangwani da hannun dama, yana karɓar kuɗi da hagu, bakinsa na motsi yana salati, bai ɗaga kai ya kalli kowa ba. Jama'a suka watse suna murna. Bayan nan Baba bai sake saro madara ba har tsawon watanni, haka ma maƙwabtansa. Wanda ya yi murna ran nan ya dawo neman gwangwani ɗaya saboda jaririnsa bai samu ba, sai ta bayan fage, a wurin wanda ya san wani, a kuɗin da ya ninka na da. Ran nan na gane cewa dorina na iya fito da kayan da ke cikin shago, amma ba ta iya sa mutum ya saro wani.

Abin da Hayek ya bayyana ke nan, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da ke hannunsu. Ɗauki buhun albasa. Kuɗinsa yau a Sakkwato ya ƙunshi labarai masu yawa: yadda ruwa ya yi a fadamar Wurno da Gada da Goronyo, ko tsutsa ta shiga, nawa direba ke karɓa zuwa Legas ko Anaca, nawa ta ruɓe a rumbu, ko ta Aliero ta fito, ko 'yan Ghana sun zo saye. Ba wani jami'i a Abuja da zai iya tattara wannan a teburinsa, ko da kuwa mutumin kirki ne mai tsoron Allah. Manomi bai san duk waɗannan ba shi ma, amma da ya ji farashi ya san ko ya ƙara fili baɗi ko ya koma alkama. In ka murɗe farashin da ƙarfi, ka toshe kunnen manomi ke nan.

Mu a nan mun sha ganin hannun hukuma ya shiga inda bai kamata ba. An rufe iyakoki a Agustan 2019 don a hana shigo da shinkafa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Shinkafar ba ta daina shigowa ba, ta koma hanyar daji a bayan babura, kuɗinta ya hau, mai iya sallamar shinge ya ci kasuwa, ita kuwa tsohuwar da ke kai 'yan kayan miya Birnin Ƙonni ta dawo da dabino ta zauna a gida. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, tsakanin mutanen da kakanninsu ɗaya. Ka tuna kuma farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira: mutum da kuɗinsa a banki, ya kwana a layi, daga ƙarshe ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa wurin mai POS, makiyayi ya kawo sa kasuwa ya rasa mai biyansa a hannu. Ba ɗan kasuwa ne ya jawo wannan ba, alƙalami ɗaya ne a ofis. Sannan ka dubi ɗaya gefen. Ku ba ku san zamanin NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ba, lokacin da samun layin waya sai mai uwa a gindin murhu. A 2001 aka ba kamfanoni lasisi suka shiga gasa. Layin da aka fara sayarwa dubban nairori ya dawo ana roƙonka ka karɓa, yau mai kabu-kabu da mai sayar da fura kowa na da lamba.

Kuma kada wani ya ce maka ƙin harajin zalunci baƙon abu ne da aka kawo daga Turai. Shehu Usmanu, Allah ya jiƙansa, a Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba, har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna da soke haraji da jangali suka fara. Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Illela zuwa cikin gari, yana rage gudu a kowane shinge yana miƙa hannu ta taga, ya san abin da abokinka ke nufi ko bai taɓa jin sunan Nozick ba.

To, a nan ne muka rabu da su.

Akwai wani tsohon ɗalibina, na koyar da shi a sakandare shekaru da yawa da suka wuce, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Sabon Birni. Bara ya yi min sallama da magariba, da ƙyar na gane shi. Ya zauna a bakin tabarma, na sa aka kawo masa tuwo, ya ci loma biyu ya naɗe sauran a leda ya ce yara na can kangon da suka fake. Na tambaye shi gona. Ya ce: "Malam, mun biya munka shuka. Da gero ya nuna sunka ce sai mun sake biya kahin mu yanke. Munka saida awaki munka biya. Sannan sunka zo sunka kwashe shanun." A garinsu babu jami'in haraji, babu mai duba lasisi, babu mai tsayar da farashi, babu ɗan sanda. Duk abin da Rothbard ya yi fata a kawar, an kawar. Abin da ya maye gurbin ba 'yanci ba ne, wata gwamnatin ce ta mai bindiga, wadda ke karɓar haraji fiye da kowace, ba ta gina aji ko ɗaya, ba ka da ranar da za ka kayar da ita da ƙuri'a. Da mutane suka ce bari kowa ya tsare kansa, aka samu 'yan sa-kai, kai ɗan Gwadabawa ne, ba sai na faɗa maka yadda ramuwar gayya ta riƙa cin wanda bai ji ba bai gani ba.

Abokinka zai ce, ai tsaro shi ne aikin da mu ma muka ce gwamnati ta yi, ta bar shi ta tafi sayar da mai da taki. Wannan amsa ce mai kyau, na karɓe ta. Amma a bi ta zuwa ƙarshe. Sojan da zai kai ɗauki yana bukatar hanya. Hanya na bukatar haraji, harajin da aka ce ƙwace ne. Yaran da ke cikin daji da bindiga kuma ba daga sama suka faɗo ba. An yi dokar wuraren kiwo a Arewa tun 1965, aka bari burtali da mashaya suka zama gonaki, aka bar yaro ya girma bai taɓa ganin allo ko alli ba, aka bar uban da aka zalunta ya rasa alƙalin da zai saurare shi ba tare da ya sayar da saniya ba. Maigadin da zai zauna bakin ƙofa kawai, ya ce ilimi da asibiti da burtali ba ruwansa, zai wayi gari ɓarayin sun fi ƙarfinsa.

Abu na biyu, suna gina komai kan yarda: in mai saye da mai sayarwa sun yarda, ba ruwan kowa. A 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu, zinariya ta yi kuɗi, mutane suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa. Ba wanda ya tilasta wa kowa. Mai haƙa ya yarda, mai niƙa ya yarda, mai saye ya yarda. Duwatsun na ɗauke da gubar dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, kuma Bagega ta yi shekaru tana jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki, da wa ya yi ciniki? 'Yan libateriya na cewa wanda aka cuta ya kai ƙara a biya shi diyya. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu wa za ta kai, mijinta? Irin wannan cutarwa sai an tare ta tun kafin ta faru, kuma mai tarewa dole ya zama yana da ikon cewa a'a. Haka maganar allurar rigakafi, haka maganar jabun magani: mai ciwo ba ya iya gane ƙwayar gaske da ta alli da ido, shi ya sa ake bukatar irin NAFDAC.

Ita kanta yardar ma, a duba ta da kyau. Manomin da ya karɓi ba-da-kaka a watan Yuli, buhu ɗaya a biya biyu, saboda rumbu ya ƙare kuma matarsa na kwance, ya yarda ne da bakinsa, amma yunwa ce ta sa hannu. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen jiharmu ta Sakkwato na cikin talauci ta fuskoki da yawa, mu ne kan gaba a duk ƙasar. Ka ce wa yarinyar da ba a taɓa sa ta makaranta ba, ga kasuwa nan a buɗe, ki yi gasa da ɗan wanda ya yi karatu a Landan. Ba ka hana ta komai ba, gaskiya ne, amma me ka ba ta? Nozick da kansa ya amince cewa in asalin dukiya zalunci ne, sai an gyara. A ƙasar da aka tara manyan dukiyoyi ta hanyar kwangilar da ba a yi ba da lasisin shigo da kaya, wannan gyaran ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ban ga mabiyansa na ɗokin yin sa ba.

Kan tallafin mai da kuke gardama, ga ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Tallafin ya ruɓe. Duk wanda ya san hanyar Illela ya ga man Najeriya a kwalabe a bakin titin Ƙonni. Amma ran 29 ga Mayun 2023 aka ce ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 ta haura 1,000, ba motocin haya da aka tanada, ba wani abin da zai tare faɗuwar talaka. Mai injin ban-ruwa a fadama shi ya fara ji a jikinsa. Kuɗin da jihohi ke karɓa daga Abuja sun ƙaru, don haka tambayar da ya kamata ku 'yan jami'a ku riƙe ita ce ina suka shiga. Wannan tambaya ce ta mai son gwamnati ta yi aiki, ba ta mai son ta ɓace ba. Ita ma Ajantina a kalle ta da ido biyu: hauhawar farashi ta wata-wata ta sauko daga kusan kashi 25 a Disambar 2023 zuwa ƙasa da kashi uku a ƙarshen 2024, wannan nasara ce ta gaske. Amma talauci ya haura kashi 50 a farkon 2024 kafin ya sauko ƙasa da 40, kuma Milei bai soke tallafin da ake ba iyaye matalauta saboda 'ya'yansu ba, ƙara shi ma ya yi. Ƙasa ce da kusan kowa ya iya karatu da rubutu kafin a fara yanke-yanken.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje nasiha kan mulki, ya ce shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, ya gina garuruwa da gadoji, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Bai ce sarki ya zama ɗan kasuwa ba, bai kuma ce ya naɗe hannu ba. Ku karanta wannan a ɗakin naku tare da Hayek, sannan ku ci gaba da gardamar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, yana saye da kaka ya ajiye zuwa bazara. Na ji wani a rediyo yana cewa Musulunci ma sakar wa kasuwa mara ya yi, tunda Manzon Allah (SAW) ya ƙi tsayar da farashi. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da ajiyar nan ba in na ga maƙwabta na auna rabin kwano. Haka abin yake?
Malamar Islamiyya daga Mabera

AMSA: Barka kadai, Malama. Allah ya saka miki da wannan zuciya. Hadisin gaskiya ne. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya tsayar musu da farashi, ya ce Allah ne mai tsayar da farashi, mai ƙuntatawa, mai yalwatawa, mai azurtawa, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa ba wanda ke binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo shi. Da sojojin 1984 sun san shi da ba su yi wa mahaifina abin da suka yi ba.

Amma mai maganar rediyo ya karanta shafi ɗaya ya rufe littafin. Annabin da ya ƙi tsayar da farashi shi ne ya ce ba mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai laifi, hadisin na cikin Muslim. Shi ne ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san kuɗin kasuwa. Shi ne ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ya ce an yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Zakka kuwa ba kyautar ganin dama ba ce, Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. In ban da hana algus, ɗan libateriya na asali ba zai yarda da ko ɗaya cikin tilascin nan ba, kamar yadda ba zai yarda a hana riba ko caca ba. Tushen ma ya bambanta: shi yana cewa jikina da dukiyata nawa ne, mu muna cewa amana ce za a tambaye mu. Shi ya sa da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ban ji uwa ko ɗaya a unguwarmu ta ce an tauye 'yancin ɗanta ba.

Game da maigidanki, kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Ajiyar hatsi ita kanta aiki ce mai amfani: da kowa ya zubar da nasa da kaka, da manomi ya sayar a wulaƙance, kuma da bazara ba a samu ko tsaba ba. Malamai sun bambanta wanda ya saya lokacin yalwa ya adana da wanda ya shiga kasuwa lokacin ƙunci ya kwashe, ko ya kulle sito mutane na nema yana jiran ta ƙara hawa. Ni ba mai fatawa ba ne, ku je tare wurin malamin fiƙihu ya duba muku yanayinsa da kuma lissafin zakkarsa, don a mazhabar Malikiyya hukuncin mai ajiya yana jiran kasuwa ya sha bamban da na mai juya kaya kullum. Shawarata dai, in damina ta faɗi gero ya yi wuya, ya buɗe siton, ya fitar a auna kwano-kwano ga masu kai wa tukunya maimakon ya sallama buhu-buhu ga wani mai siton. Ki faɗa masa da lafazi mai daɗi bayan ya ci abinci, ki kuma rubuto min abin da ya ce.